Bango da Ango

Shagona taku uku ne, a bayan Kasuwar Dole,
tsakanin mai gyaran rediyo da mai ƙanƙara.
Ban kafa allo a ƙofa ba.
Allona yana yawo a bayan mutane,
inda duk suka taka, can ake karanta mini aiki.

Da dutsen guga na fara, na gawayi,
mai ɗan zakara a hanci.
Ƴan ƙwallon Garin Malam suka kawo mayo sha ɗaya,
jika huɗu a hannu, saura sai an ci wasa.
Mai tsaron gidansu, Lawali, dogo kamar giginya,
ya ce a sa masa BANGO,
manyan baƙaƙe, farare, daga kafaɗa zuwa kafaɗa,
yadda mai bugowa zai gani gabansa ya faɗi
tun bai ɗaga ƙafa ba. Na ce wannan ai ba ya ɗaukar lokaci,
na goga, na ɓare, na miƙa da zafinta, ana ta biki.

Ran Laraba yayarsa Cima ta jiƙa ta a ruwan zafi,
ta zuba omo, ta cuɗa kamar mai rama gayya.
Ran Juma'a da la'asar ya shiga fili,
ya juya wa jama'a baya.
B ta tafi. Tana can gindin baho.
Fili ya ɗauka: Ango! Ango, ina amarya?
Uku aka zura masa kafin a sha ruwa,
ni kuwa ina bayan ƴan kallo, na rasa inda zan sa jiki.

Ba Cima ce ta kayar da Bango ba.
Gaggawata ce.
Ita dai ta yi abin da ake yi wa riga, wato wanki.

Yau ina da injin matsa, na hannu, daga Kano,
wata tara ina biyan bashinsa.
Kafin leda ta taɓa riga, sai na gasa rigar ita kaɗai,
don auduga munafuka ce, tana ɓoye laima a ciki.

Sunan a juye nake yanka shi, kamar a madubi.
In bi shi da tsinin allura,
in cire cikin O, in cire cikin A,
aikin da ke cin ido fiye da ɗinki.

Wuta ɗari da hamsin. Takarda a bisa.
In danna da nauyina duka, in ƙirga sha biyar,
ba irin ƙirgen mai jin yunwa ba.
In kuran ya ɗauke ina kan bakwai,
ba na yi wa kaina ƙarya:
in zauna, in sayi ƙanƙara wurin maƙwabci,
in jira ƙarfe ya koma zafinsa, ko da zan yi tsaki.

Sai ta huce nake ɓarewa,
daga kusurwa, a hankali, kamar mai buɗe miki.

In sake dannawa. In bi gefen da farce.
Sannan in yi wa mai riga huɗuba, ko yana sauri:
kwana biyu kada ta ga ruwa.
In za a wanke, a juya ta ciki waje,
ruwan randa, ba na tukunya ba,
kada a murɗe ta kamar wuyan kaza,
a shanya a inuwa, don ranar Damagaram ba ta da kirki.

Garin da ake sayen ruwa jarka-jarka,
wa zai so kuɗin ga-ruwa su tafi da sunansa?

Lawali ya dawo bara, ya yi tumbi, ya bar ƙwallo.
Riga arba'in yake so, ta ɗaurin aurensa.
Na ce me za a rubuta a taka?
Ya dube ni. Na dube shi.
Ya ce, ka sani. Amma wannan karon
ko harafi ɗaya ya faɗi, kada ka zo cin bikin.
An wanke ta sau talatin, in ji amarya,
ANGO na nan daram, ko ɗaga baki.